Maganar gobe a harshen Lojban: tambayoyi da amsoshi kan lokaci da gaskiya

Waɗannan su ne tambayoyin da masu koyon Lojban suka fi yi da zarar sun wuce darasin farko na lokuta, suka fara tunanin nauyin da mutum ke ɗora wa kansa idan ya ce abu kaza zai faru. An karkata rubutun kalmomin Lojban domin kada su cakuɗe da na Hausa. Wanda ya fi rikita mai karatu shi ne *ba*, wadda a Lojban alamar lokaci mai zuwa ce, babu ruwanta da korewa. Harafin *c* ana furta shi kamar "sh", waƙafin sama kuma kamar "h".

Mene ne Lojban, kuma me ya haɗa shi da zancen gaskiya da ƙarya?

Lojban ƙirƙirarren harshe ne. Ya samo asali daga Loglan, wanda James Cooke Brown ya fara a Amurka a 1955 don ya gwada ko tsarin harshe yana tasiri a kan tunanin mai magana da shi. A 1987 ƙungiyar Logical Language Group ta fara gina Lojban, a 1997 kuma aka fitar da babban littafin nahawunsa, The Complete Lojban Language, na John Cowan. An ɗora jimlar harshen a kan tsarin ilimin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja. Jimla, wadda ake kira *bridi*, iƙirari ce cewa wata alaƙa ta tabbata tsakanin wasu abubuwa. Idan na ce *mi klama lo zarci*, na yi iƙirarin cewa akwai tafiya, ni ne mai yin ta, kasuwa ce inda aka dosa.

Iƙirari kuwa ko dai ya dace da abin da ke akwai ko ya saɓa masa. Ga abin da ya wuce wannan ba shi da wuya. Amma abin da bai faru ba tukuna, da me za a auna shi? Duk sauran tambayoyin daga nan suka taso.

Yaya ake nuna lokaci?

Da ƙananan kalmomi uku da ake sawa kafin kalmar alaƙa: *pu* don abin da ya shuɗe, *ca* don abin da ake ciki, *ba* don abin da ke tafe. *mi pu klama*, na tafi. *mi ba klama*, zan tafi. An ciro su daga *purci*, *cabna* da *balvi*. Wanda yake son nuna nisa sai ya ƙara *zi*, *za* ko *zu*: kusa, matsakaici, nesa. *mi ba zi klama*, zan tafi nan ba da jimawa ba.

Nahawun yana bayyana wannan tsari da tafiya ta zuci. Ka tashi daga inda kake tsaye a lokaci, *pu* ta ja ka baya, *ba* ta tura ka gaba, inda ka sauka nan abin yake faruwa. Ka riƙe wannan hoto, don shi ne zai warware tambayar *pu ba* da ke ƙasa.

Idan ban sa alamar lokaci ba fa?

Ba laifi. Alamar lokaci ba dole ba ce a Lojban, kuma rashinta ba ya nufin yanzu. *mi klama lo zarci* tana iya zama na je, ina zuwa, ko zan je, yanayin hira ne ke tantancewa. Mai sauraro da bai gane ba yana da kalmar tambaya ta musamman, *cu'e*, wadda ke neman a cike masa gurbin lokacin, ko ya ce *ca ma*, wato yaushe. Haka nan idan aka tambaye ka *xu do pu klama*, shin ka je, kana iya amsawa da *ba go'i*: ka maimaita jimlar amma ka sauya mata lokaci, ma'ana ban ce na je ba, na ce zan je.

Na ce *mi ba klama* sannan ban je ba. Na yi ƙarya ke nan?

Abu biyu ne ake haɗawa a nan, kuma ya kamata a raba su. Na farko jimlar. Kalmar *ba* ba ta rage wa iƙirari ƙarfi ko kaɗan, aikinta kawai ta nuna inda aka ajiye abin a cikin lokaci. *mi ba klama* iƙirari ne cikakke daidai da *mi pu klama*. Babu "ina jin", babu "in hali ya yi" a cikinta. Idan tafiyar ba ta auku ba, jimlar ba ta dace da abin da ya faru ba, kuma kalmar da ta dace da ita ita ce *jitfa*, abin da ba gaskiya ba.

Na biyu kai kanka. Ko ka yi ƙarya ko ba ka yi ba, wannan ya danganta da abin da ke ranka sa'ad da kake magana. Lojban ya ba kowanne kalmarsa: *srera* ga wanda ya yi kuskure, *tcica* ga wanda ya yaudari wani. Mai hasashen yanayi da ya duba na'urorinsa da kyau ya ce *ba carvi*, za a yi ruwa, sai rana ta ƙwalle, ya faɗi abin da ba gaskiya ba amma bai yaudari kowa ba. Wanda kuwa ya ce zai zo alhali ya riga ya ƙudurta ba zai zo ba, mayaudari ne tun daga lokacin da ya buɗe baki, ko da daga baya wani dalili ya kawo shi.

Ina ganin wannan shi ne darasi mafi muhimmanci a babin gaba ɗaya. A yawancin harsuna kalmar "zan" tana ɗauke da niyya da hasashe da alkawari a lokaci guda, mai sauraro ne ke zaɓa. Lojban ya sauke wa *ba* wannan kaya, ya ba kowanne alamarsa daban, kamar yadda za a gani a tambayoyin niyya, tsammani da alkawari.

Shin *ba* tana nufin abin bai fara ba tukuna?

A'a. *lo djacu ba lenku* tana cewa akwai lokaci a gaba da ruwan zai kasance da sanyi. Ba ta ce yanzu ba shi da sanyi ba. Mai yiwuwa tun jiya yake da sanyi, kuma zai ci gaba. Haka *pu* ba ta cewa abin ya ƙare. Wanda yake son nuna farawa sai ya sa *co'a*: *lo djacu ba co'a lenku*, ruwan zai fara yin sanyi. Don tsayawa akwai *co'u*, don kammaluwa akwai *mo'u*.

Har yaushe za a jira kafin a ce jimlar *ba* ta faɗi?

Wannan tambaya ta fi yadda ake zato zurfi. Ɗauki *ba carvi* tsurarta, ba tare da an faɗi rana ko wuri ba. Bisa zahirin kalmomin, ta ce akwai wani lokaci bayan yanzu da ake ruwa. Ranar da aka yi ruwa ta tabbata. Amma babu ranar da za a iya cewa ta faɗi, domin duk daɗewar fari, mai maganar zai ce a ƙara haƙuri. Jimla irin wannan ana iya gaskata ta, ba a iya ƙaryata ta. Kishiyarta kuma, wato ba za a ƙara yin ruwa ba har abada, ana iya ƙaryata ta da yayyafi guda, ba a iya gaskata ta.

A hira ta yau da kullum ba a bin wannan zahiri har ƙarshe. Idan mutum ya ɗaga kai ya ga hadari ya haɗu ya ce *ba carvi*, kowa ya san yau yake nufi, a nan. Gurbin da aka bari babu komai, yanayin magana ke cike shi, kamar yadda aka bayyana a tambayar rashin alamar lokaci. Sai dai yanayi ba shaida ba ne da za a kafa idan gardama ta tashi. Don haka inda maganar take da nauyi, a sa mata iyaka: *ba zi carvi*, ko mafi kyau *carvi ca lo bavlamdei*, za a yi ruwa gobe. Jimlar da aka ɗaure da rana tana da lokacin da za a yi mata hisabi, kuma wanda ya ɗaure maganarsa haka ya fi cancanta a saurare shi.

Mene ne bambancin *ba zi* da *pu'o*? Duka ba "yana gab da" suke nufi ba?

Sun yi kama a fassara, amma nauyin da suke ɗora wa mai magana ba ɗaya ba ne. *lo kabri ba zi farlu* tana cewa nan da ɗan lokaci kofin zai faɗi. Idan bai faɗi ba, jimlar ta yi kuskure. *lo kabri pu'o farlu* kuwa magana ce a kan yanzu: kofin yana cikin halin da ke gabatar faɗuwa. Ga shi a bakin tebur, rabin gindinsa a iska, yana rawa. Wani ya miƙa hannu ya cafe shi. Kofin bai faɗi ba, amma wanda ya ce *pu'o farlu* bai yi kuskure ba, don halin da ya siffanta ya kasance da gaske.

*pu'o* tana cikin rukunin kalmomin da ke nuna wane ɓangare na abu ake kallo. 'Yan uwanta su ne *ca'o*, ana tsakiyar yi, da *ba'o*, an gama ana cikin abin da ya biyo baya. Masu koyo sukan rikice da ganin *pu* a cikin kalmar da ke kallon gaba. Dalilin shi ne mai magana yana tsaye kafin abin, shi ya sa aka ciro ta daga *pu*.

To *pu ba* fa? Ita ce "da zan tafi amma ban tafi ba"?

Ba ita ba ce. Koma ga tafiyar zuci. *mi pu ba klama* ta ce ka ja baya, sannan ka matsa gaba, inda ka sauka akwai tafiya. Ba a faɗi tsawon ko ɗaya daga matakan biyu ba, don haka wurin saukar yana iya zama kafin yanzu, ko yanzu, ko bayan yanzu. Amma tafiyar tana nan a cikin iƙirarin. Wanda yake nufin ya yi shiri sai abu ya hana shi, *mi pu pu'o klama* ce tasa. A ɗaya gefen, *ba pu* da *ba ba'o* suna nuna abin da zai kasance ya riga ya wuce idan an kai wani lokaci a gaba.

Yaya zan nuna niyya ce kawai nake da ita, ko fata?

Da kalmomin da ke bayyana halin zuciya. *.ai mi ba klama*, niyyata in tafi. *.a'o ba carvi*, ina fatan a yi ruwa. *.au* buri ce, *.ei* kuma jin wajibci. Ɗigon da ke gabansu ɗan dakatawa ne a furuci. Nahawun ya bambanta waɗannan da irin su *.ui*, alamar farin ciki. Idan na ce *.ui do ba klama*, na yi iƙirarin cewa za ka zo, na kuma nuna murna. Idan na ce *.a'o do ba klama*, ban yi iƙirarin zuwanka ba, na zana yanayin da nake so ya tabbata ne kawai. Ko ba ka zo ba, babu wanda zai ce na faɗi abin da ba gaskiya ba.

Littafin nahawun da kansa ya yarda cewa iyakar da ke tsakanin rukunan biyu ba ta da kaifi ko'ina. Amma a kan *.ai* da *.a'o* da *.au* babu ruɗani sosai, kuma amfani da su shi ne hanya mafi sauƙi ta kauce wa matsalar da aka tattauna a tambayar ƙarya. Umarni ma haka yake: *ko klama* ba iƙirari ba ne, roƙo ne ga mai sauraro ya mayar da jimlar gaskiya.

Idan tsammani nake yi, ko ina ganin da alama?

Akwai hanyoyi biyu. Ta farko ƙananan alamomi da ake jefawa cikin jimla: *la'a*, da alama; *ju'o*, tabbas; *ba'a*, ina tsammani. Wannan ta ƙarshe tana cikin alamomin da ke nuna daga ina mutum ya samo labarinsa, kamar *ti'e*, na ji an ce, da *za'a*, na gani da idona, da *ja'o*, na auna na yanke. An ari dabarar daga wasu harsunan 'yan asalin nahiyar Amurka da kuma ƙirƙirarren harshen Láadan. Nahawun yana cewa jimlar da ke ɗauke da irin wannan alama ba a jayayya da ita, domin mai ita yana faɗin yadda abin yake a wurinsa ne. Na yarda da hakan rabi. Ba zan musa maka cewa kana tsammanin ruwa ba, amma idan gobe ta zo babu ruwa, tsammaninka bai yi daidai ba, kuma *ba'a* ba za ta sauya wannan ba.

Hanya ta biyu ita ce a mayar da yiwuwar kanta abin da ake iƙirari. *lo nu ba carvi cu lakne*, yin ruwa abu ne da ya fi kusa da faruwa. *cumki* kuma ga abin da yake mai yiwuwa kawai. Har lamba ana iya sawa da *cu'o*: *lo nu ba carvi cu pi ze cu'o*, yiwuwar ruwa 0.7 ce. A nan jimlar tana magana ne a kan yadda alamu suka tsaya yanzu. Rashin ruwa gobe shi kaɗai ba ya ƙaryata ta, tunda ta bar wa rashin ruwan kashi 3 cikin 10. Sai an tara hasashe masu yawa irin wannan aka ga ko ruwan yana zuwa gwargwadon yadda aka ce, sannan a san ko mai hasashen ya iya aikinsa.

Alkawari fa?

*mi nupre lo nu mi ba klama*, na yi alkawarin zan zo. Jimlar gaskiya ce tun daga lokacin da aka furta ta, domin abin da take iƙirari shi ne an yi alkawari. Abin da ke cikin *lo nu* an ambace shi ne kawai, ba a ce ya faru ko zai faru ba. Saɓa alkawari laifi ne na ɗabi'a, ba ya mayar da wannan jimla *jitfa*.

Asalin tambayar: jimla a kan gobe tana da gaskiya ko rashinta tun yau?

Wannan gardama ta girmi Lojban da fiye da shekara 2,000. Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya tayar da ita a babi na 9 na littafin da malaman Larabci suka sani da Kitabul Ibara, da misalin yaƙin jiragen ruwa. Wani ya ce gobe za a yi yaƙi a teku, wani ya ce ba za a yi ba. Idan maganar ɗayansu gaskiya ce tun yau, to kamar an riga an gama, babu abin da shugabannin rundunar za su iya sauyawa. Idan kuma babu mai gaskiya a cikinsu, ina aka kai ƙa'idar da ta ce kowane iƙirari ko gaskiya ne ko akasinta? Alfarabi, masanin falsafa Musulmi wanda ya rasu wajen 950, ya yi sharhi a kan wannan babi, ya kuma haɗa shi da tambayar sanin Allah ga abin da bai auku ba tukuna. William na Ockham, masanin falsafa ɗan Ingila, a ƙarni na 14 ya tafi a kan cewa jimlar tana da gaskiya ko rashinta tun yanzu, ba tare da hakan ya mayar da abin tilas ba. A ganinsa, abin da zai faru ne ke sa jimlar ta zama gaskiya, ba gaskiyar jimlar ce ke jawo abin ba.

A 1920 Jan Łukasiewicz, masanin manɗiƙi ɗan ƙasar Folan, ya kawo daraja ta uku tsakanin gaskiya da rashinta, don irin waɗannan jimloli. Matsalar tsarinsa ita ce jimlar "ko a yi ruwa ko kada a yi" ita ma takan faɗa cikin wannan daraja ta tsakiya, alhali kowa ya san gaskiya ce. Arthur Prior ɗan Niyu Zilan, wanda ya kafa manɗiƙin lokaci a shekarun 1950, ya samu wasiƙa a 1958 daga Saul Kripke ɗan Amurka, lokacin Kripke yana ɗan shekara 17, yana ba Prior shawarar a ɗauki lokaci kamar bishiya: baya gangar jiki ɗaya, gaba rassa da yawa. A 1967 Prior ya fayyace karatu biyu na "zai faru" a kan wannan bishiya. Na farko, wanda ya jingina wa Ockham, yana auna jimlar a kan reshe ɗaya. Na biyu, wanda ya jingina wa Charles Peirce, masanin falsafa ɗan Amurka, yana cewa sai abin ya faru a dukkan rassa sannan a ce zai faru, don haka "za a yi ruwa" da "za a wuni babu ruwa" duka suna iya zama kuskure yau.

A 1970 Richmond Thomason, masanin manɗiƙi ɗan Amurka, ya kawo mafita ta tsakiya. Jimla gaskiya ce idan ta tabbata a kowane reshe, akasin gaskiya ce idan ta faɗi a kowane reshe, in ba haka ba tana nan babu hukunci tukuna. Da wannan "ko a yi ko kada a yi" ta tsira, domin ta tabbata a kowane reshe, ko da ɓangarorinta biyu suna jiran gobe.

Wane ɓangare Lojban ya ɗauka a wannan gardama?

Bai ɗauki ko ɗaya ba, kuma daidai ya yi. Nahawu yana gaya maka abin da jimla ta yi iƙirari. Ko gobe a rufe take ko a buɗe, wannan tambaya ce a kan duniya, ba harshe ne zai yanke ta ba. Shaidar wannan tana cikin kalmar *jetnu*, gaskiya, kanta, domin kowace kalmar alaƙa tana da gurabun da ake cikewa: gurbinta na farko abin da yake gaskiya, na biyu kuma ma'aunin da aka yi amfani da shi. Haka *djuno*, sani, tana da gurbi na huɗu don hanyar da aka bi aka sani. Mabiyin Ockham da mabiyin Thomason duka suna iya faɗin ra'ayinsu da Lojban, kowa ya cike gurbin ma'auni da nasa. Dukansu kuma za su amince da *ga ba carvi gi na ba carvi*, ko a yi ruwa ko kada a yi.

Abu ɗaya dai nake ganin harshen ya kore, shi ne karanta *ba* a matsayin "tilas ne". Tilas tana da kalmarta, *sarcu*, kamar yadda yiwuwa ke da *cumki*. Idan aka cusa tilas a cikin *ba*, an mayar mata da kayan da aka sauke mata. A aikace, masu magana suna yin abin da ya fi kusa da Ockham: a faɗi magana yau, gobe a duba, a ce ashe gaskiya ya faɗa. Wannan "ashe" tana nuna cewa muna mayar da hukuncin ga ranar da aka yi maganar.

Akwai kuma *jei*, wadda ke mayar da jimla ta zama darajar gaskiyarta, kuma an tanade ta har don darajoji tsakanin 0 da 1. Ba a yawan amfani da ita. Don cewa ban san ko za a yi ruwa ba, abin da aka saba shi ne *mi na djuno lo du'u xu kau ba carvi*. Lura cewa wannan jimla rashin sanina ta bayyana, ba ta ce babu abin da za a sani ba.

Yaya ake kore jimlar lokaci mai zuwa?

Da *na*, amma a kula. "Akwai lokaci a gaba da ba na tafiya" da "babu wani lokaci a gaba da nake tafiya" maganganu biyu ne masu nisa da juna. Ta farko kusan kullum gaskiya ce, tunda ko mai yawan tafiya yana barci. Ta biyu babban iƙirari ne. Kada ka dogara da sa *na* kafin *ba* ko bayanta don nuna wannan bambanci, domin ba kowa ke karanta jerin iri ɗaya ba. Ka fito da adadin fili: *mi ba noroi klama*, ba zan taɓa zuwa ba, *mi ba su'oroi klama*, zan je aƙalla sau ɗaya, *roroi* kuma kowane lokaci. Ko ka ɗaure da rana, *mi na klama ca lo bavlamdei*, kamar yadda aka ba da shawara a tambayar jira.

Na ji an ce jimlar Lojban tana iya nufin iyawa kawai. Wannan ba mafaka ba ce ga wanda maganarsa ta faɗi?

Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Harshen yana da *ca'a*, abin da yake faruwa da gaske. *Ka'e*, abin da ake da ikon yi. *Pu'i*, ana iyawa kuma an taɓa yi. *Nu'o*, ana iyawa amma ba a taɓa yi ba. Kamar alamar lokaci, idan ba a sa ko ɗaya ba yanayi ke tantancewa, shi ya sa ake iya cewa tsuntsu *vofli* ne, mai tashi, alhali yana zaune a kan reshe. Amma wanda ya ce wa abokinsa *mi ba klama* sannan ya dawo ya ce iyawa yake nufi, ya san sarai ba haka aka fahimce shi ba. Wannan ya koma babin *tcica*. Mai son rufe ƙofar gaba ɗaya sai ya ce *mi ba ca'a klama*.

Idan ina ba da labarin abin da wani ya faɗa, daga ina ake lissafa *ba*?

Daga lokacin babbar jimla. A cikin *lo ctuca pu cusku lo se du'u ba carvi*, malamin ya yi magana a baya, ruwan kuma yana bayan maganarsa ne, ba lallai bayan tawa ba. Mai yiwuwa an riga an yi ruwan an gama. Ni mai ba da labari ban ɗauki nauyin ruwan ba, na ɗauki nauyin cewa malamin ya faɗa. Idan ana so a dawo da lissafi zuwa nan da yanzu na mai magana, akwai *nau*. A dogon labari kuma ana iya kafe lokaci da *ki*, misali *pu ki*, sai duk *ba* da ta biyo baya ta riƙa lissafi daga wannan wuri har a sake shi.

Jimlar sharaɗi, irin "idan aka yi ruwa zan zauna a gida", yaushe take gaskiya?

Idan aka gina ta da *ganai ... gi*, kamar *ganai ba carvi gi mi ba stali lo zdani*, tana bin ƙa'idar manɗiƙi tsantsa. Hali ɗaya ne kawai ke ƙaryata ta: a yi ruwa kuma in fita. Idan ba a yi ruwa ba, jimlar gaskiya ce ko na zauna ko na fita. Wannan yakan ba sabon ɗalibi mamaki, domin yana jin kamar ya ce ruwan ne dalilin zamansa, alhali *ganai ... gi* ba ta ambaci dalili ba sam. Dalili yana da nasa kalmomi: *ri'a* ga sanadi na zahiri, *mu'i* ga abin da ya motsa mutum, *ki'u* ga hujja.

Don haka da yawa daga masu rubutu da Lojban sukan zaɓi *va'o lo nu*, wato a ƙarƙashin yanayin kaza: *mi ba stali lo zdani va'o lo nu carvi*. Idan kuma ana so a nuna cewa ƙaddarawa kawai ake yi, ba a cewa yanayin zai zo, sai a ƙara *da'i*, a ce *va'o lo nu da'i carvi*. Kishiyarta *da'i nai* ita ke dawo da magana kan abin da yake na haƙiƙa bayan an gama ƙaddarawar.